Yadda Ake Sakin Salwa Ta Yi Kiwo A Lambun Bayan Gida

Kaza ta san akurkinta, rana na faɗuwa za ta dawo da ƙafarta. Salwa ba haka take ba. Tsuntsuwar ƙasa ce, duk inda duhu ya riske ta nan take lafewa ta kwana. Idan kuma wani abu ya firgita ta, ko da ƙarar rufe ƙofa ce, sai ta yi fir ta tashi sama tsaye, ta tsallake katanga, ta faɗa inda ba ta san hanyar dawowa ba. Don haka sakin salwa yana nufin ka ba ta ƙasa da ciyawa da rana a cikin wurin da ka killace da raga ta kowane gefe, har da sama.

Fara da ragar. Nemi ragar waya mai ƙarfi wadda idonta bai wuce santimita 1.3 ba. Ragar kaji mai manyan idanu ba ta da amfani a nan: ɓera da ƙaramin maciji na ratsa ta, kyanwa kuma na zura hannu ta fizgo tsuntsuwa. Idan 'yar mitsitsiyar salwar ado ce da kai, wadda nauyinta bai wuce giram 50 ba, ko akwai 'yan tsaki, sauko zuwa milimita 6. A ƙasa, shimfiɗa ragar kwance ta waje, faɗin santimita 30, ka danne da bulo ko duwatsu, saboda dabbobi masu tona ƙasa daga gindin keji suke farawa.

Tsayin rufi ne wurin da aka fi yin asara. Ko dai ya zama gajere, kamar santimita 25 zuwa 30, yadda tsuntsuwar ba za ta samu damar ɗaukar gudu ba, ko ya kai mita 2, yadda ƙarfinta zai ƙare kafin ta kai. Na tsakiyar, irin mai tsayin ƙugu, shi ne mugun. Da safe za ka tarar da salwa da saiƙo a tsakar kai, jini ya bushe a kai, wani lokaci ma wuya ya karye. In kejinka ya riga ya faɗa wannan tsayin, ɗaura raga mai laushi ta zare a ƙarƙashin rufin, ka bar tazarar santimita 10 don ta tare kan.

Ga ƙaramin lambu, gajeren keji marar gindi da ake ja ya fi sauƙi. Mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 zai wadaci salwa 6 zuwa 8. Ka riƙa matsar da shi kowace kwana ɗaya ko biyu, a hankali, kana duba ƙafafunsu. Barin shi wuri guda, musamman a ƙasa mai laima, shi ke jawo tsutsar ciki da kashin jini. Namiji ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Maza biyu a keji ɗaya faɗa ne har zubar jini.

Salwa ba ta sakewa a fili fetal. Kifa tukunyar fure a gefenta, jingina 'yan rassa masu ganye, ka rufe kashi ɗaya cikin uku na saman don inuwa da kariyar ruwan sama. Ajiye faranti mai zurfin santimita 5 cike da busasshen yashi. Nan za ka ga ta kwanta a gefe ɗaya tana watsa yashi da fiffike, ƙafa a miƙe kamar ta mutu. Ba ciwo ba ne, wanka take yi, kuma shi ke rage mata ƙwarin jiki.

Ciyawa da ƙwari ƙari ne kawai. Abincinta na ainihi, mai furotin kashi 20 cikin 100 ko sama da haka, ya kasance a gabanta kullum, tare da ruwa a mazubi marar zurfi. Kada ka kai kejin inda aka yi feshin maganin ƙwari ko aka zuba gubar ɓera, kuma nisanta shi da ganyen tumatir da na dankalin turawa. Ƙwai kuwa da yamma ta fi sakawa, a ko'ina ta ga dama, launinsa kuma na sajewa da ƙasa, sai ka duba kafin ka taka.

Wasu na yanke dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Yana rage tashi, amma ba ya hana tsalle, ba ya kare ta daga shaho, kuma gashin na sake fitowa bayan ta zubar da tsoho. Kada a taɓa sabon gashi mai duhun gindi, akwai jini a cikinsa.

Idan ɗaya ta kuɓuce, kada ka bi ta da gudu. Lura da inda ta sauka, yawanci nan take maƙewa ba motsi. Matsa a hankali ka jefa mata tawul. In ta ɓace maka, bar sauran a kejin, kukansu kan jawo ta ta zo tana zagaya ragar. Da dare kuwa a mayar da su duka ɗaki mai ƙofa, domin ɓera na iya cizon yatsunsu ta cikin raga.