Gwangwani huɗu da tafin gero: yadda nake koyar da misalin mai shuka

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ajin yara a makarantar Lahadi a nan Wusasa. Da can, in muka zo kan misalin mai shuka, wato labarin da Yesu ya ba da na manomin da irinsa ya faɗa a bakin hanya, da kan duwatsu, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau, karantawa nake yi in bayyana, yara su gyaɗa kai, mako ya zagayo in yi tambaya a yi tsit. Yanzu shuka muke yi da hannu. 'Yan'uwa malamai, ga yadda za ku yi.

Ku bari sai damina ta zauna, wajen watan Yuni. Ku nemo manyan gwangwanayen tumatir guda huɗu, ku huda gindinsu da ƙusa. Na farko ku cika shi da ƙasar hanya, ku daddanne ta sai ta yi kamar daɓe. Na biyu tsakuwar marmara, da 'yar ƙasa kaurin yatsa a sama. Na uku ƙasa mai kyau, amma ku haƙo ta da ciyawarta da saiwoyinta. Na huɗu ƙasar juji da ta ruɓe. Gero na fi so, don kwana uku zuwa huɗu ya tsiro, yara kuwa ba su da haƙurin jira.

Ranar farko ku karanta Markus 4, aya 1 zuwa 9, ku rufe littafi. Kada ku fassara komai. Yesu ma da ya zauna cikin jirgi a bakin Tekun Galili, labarin kawai taron ya ji. Bayanin ya zo ne daga baya, da na kusa da shi suka tambaye shi a keɓe. Kowane yaro ya ɗebi gero ya watsa.

Za a tambaye ku, ni kusan kowace shekara sai an yi mini: "Malama, wannan manomin ba shi da sungumi ne?" Tambaya ce mai kyau, don mu a nan sara muke yi, mu jefa iri, mu rufe da diddige. Ku ce musu can ƙasar su Yesu a wancan zamani yafa iri ake yi da hannu, kamar yadda wasunmu ke yafa shinkafa a fadama, shi ya sa wani ke faɗawa bakin hanya.

Gwangwanin farko kajin maƙwabta za su gama da shi, ba sai an gayyace su ba. Na biyu yakan tsiro da sauri har yara su yi ta tafi, amma kwana biyu na rana ba ruwa sai ya langaɓe. Sauran biyun ku ɗora su bisa katanga. Wata shekara akuya ta cinye mini darasin gaba ɗaya.

Sai a mako na huɗu, gwangwanayen na gabansu, za ku karanta aya 13 zuwa 20.

Ga inda na taɓa yin kuskure. Na tambayi ajin, "Kai wace ƙasa ce?" Wani yaro ɗan shekara tara ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dutse ne, haka ake ce mini a gida." Ranar ban iya cin tuwo ba. Tun daga nan na sake tambayar: "Me ya shaƙe Maganar Allah a zuciyarka makon nan?" Sai ka ji amsoshi na gaske: faɗa wajen ɗiban ruwa, wayar yaya, tsoron dariyar abokai. Sa'an nan in miƙa musu gwangwani na uku su cire ciyawar da yatsunsu, a hankali, don saiwar ciyawa ta riga ta sarƙe da ta geron.

Na huɗun muna dasa shi a bayan coci. Cikin Satumba mukan karyo zangarniya ɗaya, mu murje ta a faifai, yara su ƙirga ko ta kai talatin, ko sittin, ko ɗari, kamar yadda misalin ya ce. Bara sun wuce ɗari huɗu, ba su ci rabin faifan ba, aka buga ƙararrawar tashi.