Yanda za ka haska farin cikon haƙori ya ƙame har ƙasa

Ka san ƙosan da aka jefa a mai mai zafi sosai, waje ya yi ja kamar ya soyu, ka ɓara ka tarar cikin ɗanye ne? To haka farin ciko yake yi, wato kwamfozit, idan ba a haska shi yanda ya kamata ba. Ka taɓa saman da ƙarfe ka ji tauri ka sallami mutum, bayan wata biyu ya dawo yana cewa likita ruwan sanyi na tsira min, ko gefen cikon ya yi baƙi. Sai a ɗora wa kayan laifi, alhali sau da yawa matsalar daga fitilar ce da hannun da ya riƙe ta.

Kuma abun ya zama dole mu iya, dan amalgam, cikon ƙarfen nan mai kalar azurfa da aka saba da shi, yana kan hanyar tafiya saboda makurin, wato zaiba, da ke ciki, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi tun Janairun 2025 sai in da larura.

Fara da sanin fitilarka. Yawancin kwamfozit akwai wani sinadari a ciki, kamfokwinon, shi ke farkawa idan shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 ya same shi, daga nan ƙwayoyin robar da ke cikin kwamfozit ɗin su fara sarƙewa da juna har abun ya sandare. Tsohuwar fitilar halojin, mai fanka ɗin nan mai ƙara, tana ba da haske mai faɗi amma ƙwanta na rauni a hankali ba ka sani ba, tana ci gaba da haskawa shuɗi kai kana ganin lafiya lau. LED ta fi ƙarfi, da yawansu sun kai miliwat 1000 a kan kowace murabba'in santimita, sai dai wasu hasken nasu siriri ne, na kamfokwinon kaɗai. Idan kayanka masu fari tas ne da aka sa musu TPO, wani sinadarin mai aiki irin na kamfokwinon, wanda shi hasken da ya karkata zuwa shunayya yake so, to LED mai zango ɗaya ba za ta gama da shi ba, duba takardar cikin kwalin. Ido ba ya auna ƙarfin fitila, rediyomita ke yi, in asibitinku akwai to a dinga gwadawa. Mai batir kuma, musamman masu arahar nan, kar ka yarda da ita idan an kwana ba wuta caji ya yi ƙasa.

Sai zubi. Milimita 2 a kowane zubi, ka haska, ka ƙara wani. Haske yana raunana yayin da yake ratsa kayan, shi ya sa ƙasan ramin ke zama ɗanye. Akwai irin da aka yi dan a zuba da yawa lokaci ɗaya har milimita 4, amma sai wanda aka rubuta haka a jikinsa, ba wai ka ɗauki na yau da kullum ka danna rami guda saboda layi ya yi tsawo a waje ba. Kala mai duhu da mai kauri da haske ba ya ratsawa sosai, su ka rage zubin ka ƙara lokaci.

Lokacin kansa lissafi ne: ƙarfi sau sakan. Halojin mai miliwat 400 a sakan 40 ya ba da jul 16 (jul shi ne ma'aunin jimillar hasken da ya shiga), LED mai 1000 a sakan 20 ta ba da 20. Masu tallan fitilun da wai ke gama aiki a sakan 3 ɗin nan ni gaskiya ba na sakin jiki da su, dan in hannunka ya goce na sakan ɗaya ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na aikin kenan.

Riƙon ma a nan mutane ke faɗuwa. Bakin fitilar ya matso kusa da cikon sosai, a miƙe sambal, kar ya karkace, ka dafa da yatsa kar ya yi yawo. Da yawa muna kawar da kai saboda hasken na cutar da ido, fitilar kuma ta zame ta koma tana haska dasashi. Sa tabarau mai ruwan lemo ka kalli abun da kake yi. Ka goge bakin fitilar, guntun kwamfozit da ya bushe a kai yana tare haske. A turame na baya inda ramin ya shiga tsakanin haƙora, bayan ka cire zoben ƙarfen da ake zagaye haƙori da shi lokacin ciko, ka ƙara haskawa ta ɓangaren kumatu da na harshe.

Yanzu ɗaya gefen. Kwamfozit yana tsukewa idan ya ƙame, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma haske mai ƙarfi farat ɗaya yana sa ya ja bangon haƙorin da sauri, nan ake samun ɗan gibi a gefe da tsamin da mutum ke ji idan ya tauna. Shi ya sa wasu fitilu ke da tsarin farawa a hankali, ƙarfin na hawa cikin sakannin farko. Yana ɗan rage jan, amma ni na fi dogara da ƙananan zubi a karkace, kowanne ya jingina da bango ɗaya. Zafi ma abun lura ne, tun 1965 gwajin masu bincike Zach da Cohen a kan birai ya nuna ƙarin zafi na digiri 5.5 na Salshiyos a cikin haƙori na iya lalata jijiyar haƙori, dan haka a rami mai zurfi ka raba haskawar biyu, ka hura iska a tsakani.

Saman ƙarshe iska ba ta barinsa ya ƙame sosai, yana ɗan danƙo, ka shafa gilsarin ka sake haskawa sannan ka goge.

In kana shakkar fitilarka, yanki bututun roba mai tsawon milimita 6, cika shi da kwamfozit, haska ta sama kaɗai yanda ka saba, fito da shi ka kankare ƙasan mai laushi, ka auna abun da ya rage ka raba biyu. In bai kai milimita 2 ba, ƙara lokaci ko a canza fitilar.