Babi na Shida: Zaɓen Ril Mai Hawa Saman Sanda Don Fatsa a Ruwan Gishiri

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun koyi ɗaura ƙugiya da dalma a bakin zare. Yau kuma sayen ril za mu koya, wato injin da ke naɗe zaren fatsa. Irin da muke magana a kai shi ne wanda masu shago ke kira betkasta. Gane shi ba wuya: a saman sanda yake zama, yana kallon sama. Wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda sunansa sifinin, ba shi muke nufi ba.

Kifin da muke nema ba na tsakiyar teku ba ne, wannan sai masu kwale-kwale na unguwannin Jamestown da Chorkor a nan Akra. Namu na bakin gaɓa ne, da kan duwatsu, da bakin kogi irin na Ada Foah inda Volta ta faɗa teku. Kifin kilo 1 zuwa kilo 4, in Allah ya yi rabo ya ɗan fi haka. Saboda haka ba ma bukatar ƙaton ril.

Darasi na 1: Taɓa sassan da hannunka

Ɗauki ril ɗin da muka kawo aji. Kallon hoto bai isa ba, taɓa.

Abin da ke tsakiya, wanda zare ke naɗe a jikinsa, shi ne kwarkwaro. Telolin Nima da Mamobi da ke cikinmu sun san shi a keken ɗinki. A bayansa akwai maɓalli mai faɗi daidai inda babban yatsanka ke sauka. Danna shi, kwarkwaro ya saki. Juya hannun ril, ka ji ƙas, ya sake kamawa.

Yanzu duba gefen da hannun yake. Abu biyu ne a wurin, kuma su ne ke rikita mutane. Na farko yana da yatsu kamar tauraro, yana jikin hannun ril. Aikinsa sai kifi ya kama: shi ke barin zare ya fita a hankali don kada ya tsinke. Na biyu ɗan ƙaramin murfi ne zagayayye, kamar murfin kwalbar magani, yana kusa da tauraron. Mu kira shi maɗauri. Shi ke riƙe kwarkwaro lokacin jifa.

Tauraro na kifi ne. Maɗauri na jifa ne. Faɗa da bakinka sau uku. Ɗora yatsa a kan tauraro. Ɗauke. Ɗora a kan maɗauri. Madalla.

Darasi na 2: Gwajin saukar dalma

Wannan darasi shi ne zuciyar babin nan, kada ka yi gaggawar wuce shi.

In ka yi jifa da betkasta, kwarkwaro da kansa ke juyawa yana sakin zare. Dalma tana tafiya, iska tana rage mata gudu, sai ta faɗa ruwa ta tsaya. Amma kwarkwaro bai san ta tsaya ba, yana nan yana juyi. Zaren da ya saki ba inda zai je, sai ya cukurkuɗe a kansa. A ajinmu muna ce wa wannan kitso. Wanda ya taɓa zama a kan dutse da asuba yana warwarar kitso da tsinke, abokansa na ta fid da kifi, ya san zafinsa.

Maganinsa gwaji ɗaya ne, kuma tun a shago za ka yi shi kafin ka ciro ko sidi ɗaya. Tafi da dalmarka mai nauyin giram 10 zuwa 14 a aljihu. Ka ce wa mai shago: "Maigida, don Allah a ɗora mini shi a kan sanda, a sa zare, in gwada." In ya ƙi, ka gode masa ka yi gaba.

Ɗaura dalma. Miƙa sanda gabanka, bakinta ya ɗan ɗaga sama. Murɗa maɗauri ta hannun dama har ya kama. Maɗauri na ce, ba tauraro ba. Ɗora babban yatsa a kan zaren kwarkwaro. Danna maɓallin saki. Ɗaga yatsa.

Dalma ba ta motsa ba? Daidai ne. Sassauta maɗauri kaɗan ta hannun hagu. Kaɗan. Ba ta motsa ba har yanzu? Ƙara kaɗan. Haka za ka yi ta yi har dalma ta fara sauka sannu-sannu, kamar gugar da ake zurawa rijiya da hannu. Sa ido a kan kwarkwaro, ba a kan dalma ba. Da ta taɓa ƙasa, kwarkwaro ya tsaya cak. In ya ƙara juyi, zare ya yi sako-sako, ka sassauta da yawa. Murɗa dama kaɗan, naɗe zare, sake daga farko.

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya tambaye ni: "Malam, ni fa na murɗa har hannuna ya gaji, dalma sai faɗuwa take tim." Na ce: "Baba, nuna mini abin da kuke murɗawa." Tauraro ne. Ba abin kunya ba ne, kusan kowa da haka ya fara. Na ɗora masa yatsa a kan maɗauri, a gwaji na uku dalmarsa ta sauka lafiya, ajin duka aka tafa masa.

Abin da gwajin ke gaya maka game da ril shi ne wannan. Ril mai kyau, kowace 'yar murɗa tana canza saurin dalma kaɗan-kaɗan. Maras kyau kuwa, ko dai ya riƙe ƙam, ko ya saki gaba ɗaya, babu tsakiya. Wannan kada ka saya ko da kyauta-kyauta ne. Musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waje fes, ciki gishiri ya gama da shi.

Mu sake: murɗa maɗauri, ɗora yatsa, danna maɓalli, ɗaga yatsa, sassauta kaɗan, dalma ta sauka a hankali, kwarkwaro ya tsaya. Duk lokacin da ka canza dalma, ka sake gwajin. Ka sa mai nauyi, ka sake. Ka koma marar nauyi, ka sake. A bakin ruwa kuma yatsanka ya danne kwarkwaro kafin dalma ta taɓa ruwa, ba bayan ta taɓa ba.

Abin da bai kai giram 7 ba yana ba irin wannan ril wahala wajen jifa. Mai koyo ya bar shi tukuna.

Darasi na 3: Karanta lambobin kwali

Nan ne karatun da muke yi zai biya ka.

In ka ga 6.3:1, ɗigo biyun nan na tsakiya ba kuskuren bugu ba ne. Ma'anarsa in ka juya hannun ril sau 1, kwarkwaro zai juya sau 6 da ɗan ɗori. Mai 7.1:1 ya fi sauri, mai 5.4:1 ya fi ƙarfin ja. Mai 6 da wani abu ya ishe ka.

In ka ga 12lb/120yd, lamba ta farko ƙarfin zare ce: fam 12, wato kilo 5 da kusan rabi. Ta biyu tsawon zaren da kwarkwaro zai ɗauka ce, yadi 120. Yadin nan shi ne dai na awon atamfa, bai kai mita ba kaɗan, don haka kusan mita 110 ke nan. Kada ka sayi wanda bai kai haka ba.

In ka ga 5+1 ko 10+1, yawan boris ne. Kada yawa ya ruɗe ka. Boris 5 na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu murfi, sun fi 12 na banza da za su daskare kafin wata biyu.

Girman ril kuma 100, 150, 200, 300. Ɗauki 150 ko 200. A ril ɗin Shimano, 200 hannunsa na dama ne, 201 na hagu. Lamba ɗaya tak ta bambanta su, karanta da kyau.

Kafin ka rufe kwalin, ka yi gwajin saukar dalma? Makon jiya mutum uku sun zo da sabbin ril, ba wanda ya gwada a shago, biyu ba sa saituwa. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kuɗin guminku ne fa, ba nawa ba.

Darasi na 4: Gishiri

Mazauna Akra ba sai an gaya musu aikin iskar teku ba, dubi kwanon rufin gidajen bakin gaɓa. Nemi kalmar SALTWATER a kwali, harafi 9 ne, tana farawa da S. Jikin ril ya zama na alminiyum, giyarsa ta tagulla. Mai jikin magniziyum ba shi da nauyi, amma da fentinsa ya kwarzane gishiri zai ci shi. Shimano da Daiwa na Japan ne, Abu Garcia asalinsa Suwidin, Penn na Amurka. Suna kaɗai ba ya isa, akwai jabu a kasuwa.

Darasi na 5: Birki

Birki shi ke rage gudun kwarkwaro lokacin jifa. Yana ɗaya gefen, wanda babu hannu, kuma galibi iri biyu ne. Mai maganaɗisu yana da lambobi a waje, shi ya fi wa mai koyo sauƙi. Ɗayan sai an buɗe murfi. Fara da babbar lamba, ka riƙa ragewa in hannunka ya saba. Birki ba ya ɗauke maka gwajin dalma.

Darasi na 6: Wanki

Da ka dawo, ɗaure tauraro, yayyafa ruwan famfo a hankali, goge da tsumma. Kada ka tsoma a bokiti. In ya bushe sassauta tauraro, ɗiga mai kaɗan.

Darasi na 7: Aikin gida

Ran Talata masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku, mu ma mu bar bakin ruwa. A zo filin makaranta bayan La'asar da sanda da dalma, ba ƙugiya. Kowa zai yi gwajin saukar dalma sau 10 a gabana kafin ya yi jifa.