Darasi na 9: Launin Shuɗi a Ɗakin Girki

A wannan darasi za mu koyi yadda ake zaɓen shuɗin da ya dace da kicin, da wurin da ya kamata a sa kowane iri, da yadda ake lissafin fentin da za a saya. Ku karanta a hankali. Wanda ya riga ya gama sakin layi ya taimaka wa na kusa da shi.

Ire-iren shuɗi

Shuɗi yana da yawa. Akwai mai haske, wanda ake kira ruwan bula. Akwai matsakaici, irin na sararin samaniya da hantsi. Akwai mai duhu, irin na shuni, wanda idan dare ya yi sai a ɗauka baƙi ne. Ban da haske da duhu, kowane shuɗi yana da ratsin wani launi a cikinsa. Wani yana karkata zuwa kore, wani zuwa shunayya, wani kuma an surka shi da ruwan toka har ya yi sanyi a ido.

Wannan ratsin shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. Sai a sayi tayil mai ratsin kore, a sayi fenti mai ratsin shunayya, dukansu shuɗi ne, amma da an haɗa su sai ido ya ƙi karɓa. Hanyar gane ratsi mai sauƙi ce. Ku ɗora katin launin a kan farar takarda, ku fita da shi waje inda babu rana kai tsaye, ku duba. Farin zai tona abin da ke ɓoye a cikin shuɗin. Idan za ku haɗa shuɗi biyu ko uku a kicin ɗaya, ku tabbata duk gefe ɗaya suka karkata.

Ku fara duba haske kafin ku duba fenti

Wannan shi ne sashen da na fi so ku riƙe. Launin da ido yake gani a bango, haske ne da ya bugi bangon ya dawo. Don haka fenti ɗaya yana iya fitowa kala uku a yini ɗaya.

Ranar safe da ta yamma tana da ja-ja da rawaya a cikinta. Idan ta sauka a kan shuɗi, sai ta sassauta shi, wani lokaci har ya koma kamar kore ko toka. Tagar da rana ba ta shiga ta cikinta, sai dai hasken sama kawai, haskenta da kansa yana da shuɗi-shuɗi. A irin wannan kicin, shuɗi mai ƙarfi yana ƙara ƙarfi, ɗakin ya yi kamar babu rai a ciki. Wanda tagarsa take haka ya nemi shuɗi mai haske da ɗan ratsin kore, ko ya bar bango da ruwan madara ya kai shuɗin kan kabad.

Ƙwan lantarki ma yana da nasa. A jikin kwalinsa za ku ga lamba da harafin K a ƙarshenta. Wannan lambar tana nuna launin hasken. Ƙwai mai 2700K haskensa rawaya ne, yana dusashe shuɗi. Mai 6500K haskensa fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, yana sa bango shuɗi ya yi tsauri a ido. Mai 4000K yana tsakiya, kuma shi nake ba da shawara a sa a kicin mai shuɗi. Wata lambar da ake rubutawa a wasu kwalaye ita ce CRI, wadda iyakarta 100. Tana nuna yadda ƙwan yake fito da launin abubuwa na gaskiya. Mai 80 ya wadatar a yawancin ɗakuna, amma a wurin girki mai 90 ya fi, domin mai dafa abinci da ido yake gane abin da ya nuna da abin da ya lalace.

Wasu kamfanonin fenti suna buga wata lamba a bayan katin launi, da haruffan LRV. Daga 0 take zuwa 100. Tana faɗin yawan hasken da fentin yake mayarwa cikin ɗaki. Farin fenti yakan wuce 80. Shuɗi mai duhu sosai yakan kasa kai 10, wato yana shanye kusan duk hasken da ya same shi. Ku yi tunanin ƙaramin kicin mai taga ɗaya da aka shafe bangonsa huɗu da irin wannan. Dole a kunna fitila da tsakar rana, kuma wurin da ake riƙe wuƙa da tukunya mai zafi bai kamata ya yi duhu ba. Ga ƙaramin kicin, ku nemi fentin bango da lambarsa ta kai 60 ko ta wuce.

Kada ku yarda da katin launi shi kaɗai. Kati ƙarami ne, bango kuwa babba, kuma launi yana ƙara fitowa da ƙarfi idan ya samu fili. Ku sayi ƙaramin gwangwani, ku shafa a kan kwali ko allon katako mai faɗin kamar rabin mita, shafi biyu. Ku bari ya bushe sarai, domin ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Sannan ku jingina shi a kicin, ku duba da safe, da azahar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ku matsar da shi kusa da taga, ku kai shi lungu. Kwana biyu na wannan gwaji ya fi sake fentin ɗaki gaba ɗaya sauƙi.

Ina za a sa wanne?

Masu ƙawata ɗaki suna da wata ƙa'ida ta rabon launi: kashi 60, kashi 30, kashi 10. Kashi 60 shi ne babban launi, wato bango da silin. Kashi 30 shi ne na biyu, kamar kabad da kanta. Kashi 10 na ƙananan abubuwa ne, irin su mariƙin durowa, tawul, kwanoni da labule. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum cika ɗaki da launi ɗaya har ya gundure shi.

A kicin, tsarin da ba ya ba da kunya shi ne mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. A yi wa kabad na ƙasa shuɗi mai duhu, bango ya zama fari ko ruwan bula, silin kuwa fari. Ido yana jin daɗin ganin nauyi a ƙasa, kuma saman ɗakin yana ci gaba da watsa haske. Idan aka juya, aka sa mai duhu a sama, sai ɗakin ya zama kamar ya danne mutum.

Cikin kabad kuwa, ina roƙonku ku bar shi fari ko mai haske sosai, ko da wajensa duhu ne. A nan ake ajiye abin da iyali za su ci. Cikin kabad mai duhu yana ɓoye ƙura da fumfuna da kashin kyankyaso, har sai abu ya yi nisa kafin a lura.

Kowane shuɗi yana da dattin da yake tonawa. Mai duhu yana nuna ƙura, da sawun yatsu, da farin tabon da ruwa yake bari idan ya bushe. Mai haske yana nuna maiƙo da kunkunniya. Wanda murhunsa yake hayaƙi, kada ya sa ruwan bula a bangon da ke bayan murhun, domin ba zai daɗe ba zai dafe. Matsakaicin shuɗi mai ratsin toka shi ya fi haƙuri da datti iri biyun.

Abokan zaman shuɗi su ne launukan da suke da ɗumi. A da'irar launuka, ruwan lemo ne yake fuskantar shuɗi, shi ya sa duk abin da ya karkata can yake fito da kyansa: katako da ba a rufe launinsa ba, mariƙin tagulla, tukunyar jan ƙarfe, tukunyar ƙasa, kwandon saƙa. Kicin da yake shuɗi da fari da ƙarfe mai ƙyalli kawai yakan yi kama da ɗakin asibiti. Kanta ɗaya ta katako tana iya gyara wannan.

Tayil

Bangon da ke bayan murhu da na wurin wanke-wanke sun fi ko'ina shan wahala, ga tururi, ga fantsalin mai, ga ruwa. A nan tayil ya fi fenti. Launin tayil ana gasa shi ne da wuta mai tsanani a ƙarƙashin rufi mai kamar gilashi, don haka rana ba ta koɗar da shi, goge-goge ba ya cire shi. Shuɗin da ake samu daga ma'adinin kobal yana jure wannan gashi, shi ya sa ya yi suna tun da daɗewa. Masu ginin tangaran na birnin Jingdezhen a ƙasar Sin suna yin kwanoni masu shuɗi da fari tun ƙarni na 14. A ƙarni na 17, masu sana'a a garin Delft na ƙasar Holan suka shahara da tayil mai zanen shuɗi a kan fari, ana liƙa shi a gefen murhu da cikin ɗakunan girki domin sauƙin gogewa. Da yawa daga cikinsu suna nan har yau da launinsu.

Wanda ba shi da halin yin tayil da yawa, layi uku ko huɗu a bayan murhu sun isa. Abin da ake cike tsakanin tayil da shi, a zaɓi ruwan toka maimakon fari, domin farin yana saurin dafewa a wurin girki.

Irin fenti da shirin aiki

Fentin da ba ya sheƙi ko kaɗan yana da kyau a ido, amma yana shan maiƙo kuma ba ya son wanki. A kicin ana bukatar mai ɗan sheƙi a bango, da mai sheƙi sosai a kabad da ƙofa. Sai dai ku sani, sheƙi yana tona duk wani tudu da rami da ke jikin bango, musamman idan launin mai duhu ne. A cike tsaga a goge ta yi sumul tukuna.

Fentin mai yana da wani hali: yana yin rawaya-rawaya idan ya tsufa, musamman a wurin da haske bai cika kaiwa ba. Rawaya kuwa idan ta hau shuɗi mai haske, kore ake gani. Wanda yake son ruwan bularsa ya zauna yadda yake, ya nemi fentin ruwa wanda aka rubuta cewa yana wankuwa.

Fenti ba ya kama maiƙo. Kafin a shafa komai, a wanke bango da kabad da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a bari su bushe. Fentin ruwa yakan bukaci awa 2 zuwa 4 kafin shafi na biyu, na mai kuwa yakan kwana. Ku karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ku bi shi. Ko ya bushe a hannu, fenti yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙarfi sosai, don haka kada a dirje shi da soso a kwanakin farko.

Ga gargaɗi biyu da bai kamata a yi wasa da su ba. Na farko, fentin mai da abin da ake narkar da shi suna kama wuta. A kashe murhu, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da abinci da kwanoni kafin a fara. Na biyu, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta take cutar da ƙwaƙwalwar yara da masu juna biyu. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, amma har yanzu ba kowace ƙasa ce ta hana ba. Kada a kankare tsohon fenti a bushe. A jiƙa shi, a rufe hanci da baki, a fitar da yara, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen sayen sabo kuma, a nemi wanda aka rubuta cewa babu dalma a cikinsa.

Mu yi lissafi

A ce kicin yana da tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin bango mita 3.

Kewayen ɗakin: 4 + 3 + 4 + 3 = 14.
Filin bango duka: 14 × 3 = murabba'in mita 42.
A cire filin ƙofa (murabba'in mita 2), da na taga (2), da na wurin tayil (4): 42 − 8 = 34.
Shafi biyu za a yi: 34 × 2 = 68.

Lita ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi. Saboda haka 68 ÷ 10 = 6.8, wato a sayi lita 7. Sabon siminti da bango mai kaushi sun fi haka shan fenti. Idan za a rufe launi mai duhu da mai haske, a sa ran shafi na uku. A sayi duka fentin lokaci guda, domin gwangwanin da aka haɗa wata rana daban yana iya ɗan saɓawa, kuma a shuɗi wannan bambancin yana fitowa fili.

Tambayoyi

1. Yaya ake gane ratsin da ke cikin shuɗi?
2. Me lambar da ke da harafin K a kwalin ƙwan lantarki take nunawa?
3. Don me ake so cikin kabad ya zama mai haske?
4. Kicin mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 3, da ƙofa (murabba'in mita 2) da taga (murabba'in mita 1). Lita nawa za a saya domin shafi biyu?

Aikin gida

Ku auna kicin ɗinku da tef, ku rubuta tsawo da faɗi da tsayi a littafinku. Ku lura da lokacin da rana take shiga ta tagarsa, ku rubuta shi ma. Sannan ku rubuta jimla uku a kan irin shuɗin da za ku sa a bango, da wanda za ku sa a kabad, da dalilinku. Ku zo da littafin a darasi mai zuwa mu duba lissafin tare.