Yadda za ka amsa wa wanda ya ce ya warke, zai bar maganin ƙanjamau

A ɗakin shan maganin da nake aiki a Gadarif, a ƙasar Sudan, ranar da gwaji ya yi kyau ita ce ranar da gabana ya fi faɗuwa. Wani dattijo manomin dawa ya ji an ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba, sai ya turo min kwalbar maganinsa a kan tebur, ya ce, "'Yata, ba wa wani mabuƙaci."

Kada ka fara da faɗa. Taya shi murna tukuna, guminsa ne. Sannan ka ɗauko masa zancen ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, wanda Larabawan nan ke kira buda. Ko ka tuge shi kaf bana, irinsa na kwance a ƙasa shekara da shekaru, yana jiran saiwar dawa ta tashe shi. Na ce, "Baba, gwajin nan saman gona kawai ya duba."

Daga nan ka shiga da shi cikin ƙasar. HIV ƙwayoyin garkuwar jiki masu suna CD4 take shiga. Wasunsu aikinsu tuna cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa, a cikin waɗannan kuma akwai 'yan ƙalilan da ni nake kira uwaye: ga tsawon rai, ga haifar irinsu, ga haifar sauran. A 2011 aka bayyana su a jikin ɗan Adam, a 2014 masu bincike a Amurka suka nuna cutar na daɗewa a cikinsu. Takan cusa rubutun halittarta cikin na uwar, ta yi lamo. Magani yana tare wadda ke neman kama sabuwar ƙwaya, amma mai barci ba ya taɓa ta. In uwar ta rabu biyu, kowane ɓari da ɓarauniya a cikinsa.

Lissafi biyu sun isa, kada ka cika shi da lamba. Ko ana shan magani, maɓoyar cutar takan ɗauki kusan wata 44 kafin ta ragu da rabi. In kuwa aka bar magani, yawanci cikin sati 2 zuwa 4 ta dawo jini.

Zai ce ai ya ji wasu sun warke. Gaskiya ne, akwai Timothy Ray Brown da aka yi wa dashen ƙwayoyin ɓargo a Jamus a 2007, amma sankarar jini ce ta ja aka yi, kuma aikin kansa na iya kashe mutum.

Saura batun samun maganin, wanda tun yaƙin Afrilun 2023 ya zama aiki. Ka ce masa ya zo karɓa tun da saura na sati biyu. Ya ɗauki hoton katinsa da na kwalbar a waya, ko gudu zai kama. Kada ya raba ƙwaya gida biyu don ta kai shi. Da azumi, ya nemi likita ya mayar masa da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki.

Dattijon nan ya yi shiru, ya jawo kwalbarsa ya jefa a aljihun jallabiya. Sai ya tambaye ni ko ƙuduji ma an samo masa magani.