Kafin ku hau duwatsun Tirol don ɗaukar hoto

Ranar Asabar na ga hoton wasu ƙannenmu uku da suka zo karatu Innsbruck a watan Oktoba. Suna can saman Nordkette, duwatsun da ke arewa da garin, sun tsallaka igiyar da aka kewaye hanya da ita, suna tsaye kan gangara da takalman zuwa Juma'a, sai washe baki suke yi. Gabana ya faɗi, domin ni ma a shekarata ta farko a Ostiriya haka na yi, kuma na ji a jikina.

Maganar kayan sanyi ba zan ɓata muku lokaci ba. Rigar sanyi mai kauri, safar hannu, takalmin da ba ya santsi, duk za ku samu a kantin gwanjo.

Abin da ba ku sani ba shi ne dusar ƙanƙara hawa-hawa take kwanciya, kamar tabarmi a kan tabarmi. Wata ta daskare, wata gari ce kamar sukari. Iska kuma ta kwaso sabuwa ta jibge a bayan tudu. Idan ta saman ba ta kama ta ƙasan ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle fili guda ya zaftaro. Mutanen nan suna kiranta Lawine, kuma yawanci a gangarar da ta kai digiri 30 take tasowa. A ranar 23 ga Fabrairu 1999 ta afka wa ƙauyen Galtür, a nan Tirol, ta kashe mutum 31, a cikin gari fa, ba a kan dutse ba.

A lokacin hunturu, kullum da ƙarfe 5 na yamma ana fitar da rahoton haɗarin Lawine na gobe a intanet, da maki daga 1 zuwa 5. Namu suna ganin 3 sai su ce ai tsaka-tsaki ne. To a 3 ɗin aka fi mutuwa, saboda a 4 da 5 kowa ya shige ɗaki, a 3 kuwa rana ta fito, dutse ya yi kyau, mutum ya saki jiki.

Ranar da abin ya same ni ma 3 ce, sai daga baya na sani. Sawun wasu na bi, na ce tunda sun wuce lafiya ni ma zan wuce. Sai na ji wani "wum" a ƙarƙashin ƙafata, kamar an jefar da buhun gero, na ga tsaga ta zarce gabana. Allah Ya sa ƙarama ce. Ta ja ni ta maka da bishiya, ta binne ni zuwa ƙugu, ƙafar dama ta karye. Wata dattijuwa ce ta buga 140, lambar masu ceto a dutse. Ku adana ta yanzu, tare da 112, lambar gaggawa ta Turai.

Karaya ta warke a wata biyu. Takardar da ta biyo baya ce ta hana ni barci. Jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauko ni, ni kuwa ina kwance ina ta godiya, a zatona katin lafiyata ya ɗauke komai. Ashe inshorar lafiya ta gama-gari ba ta biyan kuɗin sauko da wanda ya yi haɗari wajen wasa ko yawon shaƙatawa a dutse. Asibiti ta biya, jirgi kuwa nawa ne. Kuɗin ya fi albashina na wata biyu. Na yi ta safa da marwa da Jamusancina na koyo, ofis ya tura ni ofis, kowa ya nuna mini layi ɗaya a takarda ya ɗaga kafaɗa. Na rubuta wasiƙar roƙo har sau uku kafin a yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Azumin shekarar ko kwabo ban aika gida ba, kuma na kasa gaya wa Hajiya dalili.

Nan na san darajar jama'armu. Ba mu da yawa a garin nan, amma bayan sallar Juma'a aka yi karo-karo, wani direban tasi da ban taɓa yi wa komai ba ya damƙa mini ambulan ya ce kada in sake tada maganar. Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba, kuma aljihun mutane ba rijiya ba ne. Ƙungiyar masu hawan dutse, Alpenverein, tana haɗa wa membobinta inshorar ceto har yuro 25,000, kuɗin shekararta kuma bai kai na takalmin da kuke yanga da shi ba.

Wanda ya nace sai ya bar hanyar da aka gyara, to sai da na'urar nemo wanda aka binne, da sandar caka dusa, da shebur, da abokin tafiyar da ya iya aiki da su. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, bayan nan iska ke ƙare masa, jirgi kuwa ba lallai ya iso a lokacin ba. Alpenverein ɗin suna koyar da wannan a lokacin hunturu.

Ku ukun nan, na san kuna karantawa. Lahadi bayan la'asar ku zo gida, akwai tuwo, ku taho da wayoyinku mu cike takardar shiga ƙungiyar tare.