Darasi na 7: Ɗinya, Kanya da Magarya, Kowace da Lokacinta

Duk mai sayar da 'ya'yan itace a Gusau ko Talata Mafara ya san wannan kasuwa ba ta kullum ba ce. Ɗinya tana nuna ne daga ƙarshen damina zuwa kaka. Idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai magarya da kanya su shigo. A farkon fitowa kaya kaɗan ne, da tsada, kuma rabi ɗanye. Sai tsakiyar lokaci suke zaƙi da araha.

Ɗinya ce mai wuyar sha'ani. Nunanniya baƙa ce wuluk, tana sheƙi, idan ka danna ta da yatsa sai ta ɗan lotsa. Wadda ta fashe tana tsatsafo da ruwa, ƙudaje na binta, ware ta gefe tun kafin ta ɓata sauran. Kada ka cusa ɗinya a leda ka ɗaure baki. Zafi zai dafa ta, da safe ka tarar da tsami. Kwando take so, da inuwa. Abin da bai shiga ba, uwargida ta dafa maɗi da shi, ba a yi asara ba.

Kanya kuwa, idan ba ta nuna ba bauri gare ta, har baki ya ɗaure. Ɗanɗana ɗaya kafin ka biya.

Magarya tana da haƙuri. Shanya ta a tabarma, ba a ƙasa ba, ka riƙa juyawa har ta bushe sarai. Fasa 'yan kaɗan ka duba, domin tsutsa tana ɓuya a ciki alhali bayan lafiya lau. Busasshiya tana kaiwa bazara a buhu, lokacin da ta yi wuya a kasuwa. Abin takaici, rashin tsaro ya hana mata da yara da yawa shiga daji tsinto, shi ya sa kayan ba sa zuwa kamar da.

Akwai kuma baƙuwa, sitiroberi, jar nan da ake nomawa a yankin Jos saboda sanyin can. Ita ma da hunturu take yawa. Ba ta jure doguwar tafiya da zafi, don haka in ba ka da firji, kada ka sari fiye da na yini ɗaya.

Aikin gida: A ce Malama ta sari tiya 10 ta magarya, kowace tiya ₦500. Da ta shanya ta tsince, sai ta koma tiya 8. Nawa za ta sayar da kowace tiya kafin uwar kuɗinta ta dawo? Rubuta amsar a littafinka. A ƙarƙashinta, rubuta sunayen 'ya'yan itace uku na garinku da watan da kowanne yake nuna.